Ranar da Inna Ta Amsa Taken Yaya

Yanzu in gari ya waye a nan, abin da ke fara shiga kunnen mutum bayan an idar da salla shi ne ƙarar inji. Injin casar shinkafa na bakin titi ya tashi, injinan ban ruwa su amsa masa daga gonaki, babura su biyo baya, 'yan adaidaita sahu su cika hanyar Kura da hon kamar waɗanda ake kora. Ban ce ina ƙi ba. Da wannan ƙarar nake ci, don gumi ce sana'ata: in jiƙa shinkafa, in turara ta a babbar tukunya, in shanya, a kai inji a case, mu samu abin sawa a bakin salati. Amma ni da na san garin nan tun babu kanal ɗin ban ruwa, tun ana ɗaga kai sama ana jiran hadari, wani lokaci sai in tsaya da aikin in kasa kunne, ko zan ji gangar noma daga wajen gabas. Ba na jin komai sai inji. Yaran yanzu ko sunan gangar ba su sani ba, in ka ce musu gayya sai su ɗauka biki kake nufi.

Ban yi niyyar tono wannan zance ba, jikana ne ya ja ni. Ɗan marigayi ɗana ne, kuma shi kaɗai ne mai ƙarfi da ya rage a gidan, sai ni, sai yayana da ke ɗakin baya. Mijin nawa nake ce masa, yadda kowace kaka take tsokanar jikanta, shi kuma ya ce ai ya sake ni tuntuni, me zai yi da matar da ba ta da haƙori. Ya yi karatu har ya gama babbar makaranta a Kano, ya dawo ya zauna, aiki shiru. Ya kama noman shinkafa da tumatir a gonarmu ta bakin kanal, taki ya yi tsada, tumatir kuma ya faɗi har ana zubar da shi a gefen titi. Tun daga nan bakinsa ya canja. Ran nan ina tsaye kan tukunya, hayaƙi yana cin idona, ya shigo da waya a hannu ya zauna min a kan turmi.

Ya ce, "Iya, ƙasar nan fa sai an yi yaƙi za ta gyaru."

Na ce, "Tashi min daga kan turmi tukuna, sannan ka yi yaƙin."

Ya yi dariya ya koma kan buhu, amma bai saki maganar ba. Ya ce duk ƙasar da ta ci gaba a duniya sai da ta sha yaƙi, a cikinsa aka ƙirƙiro jirage da magunguna da manyan hanyoyi, a cikinsa mutane suke gane cewa su al'umma ɗaya ce. Ya ce zaman lafiya in ya yi tsawo lalata mutane yake yi, manya su yi ta ƙiba, samari su koma zaman majalisa da shan ƙwaya. "Ki duba nan ma," in ji shi, "kanal ɗin nan da kike ci da shi, da titin nan, ai duk bayan yaƙin basasa aka yi su. Da ba a yi ba, da har yau kuna nan kuna jiran damina." Sannan ya sauke murya ya gaya min abin da ya kawo shi. Ana ɗaukar soja, ya ba da sunansa, in an kira shi zai tafi.

Ni ban ce aikin soja haram ne ba, dole wani ya tsare hanya, ga ɓarayin daji sun hana bayin Allah sakat a wasu garuruwan. Da cewa ya yi rashin aiki ne zai kai shi, da na yi kukana na yi masa addu'a. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne murnar da na gani a idonsa. Na san wannan murnar, na taɓa ganinta a fuskar wani saurayi. Maganar da yake yi ɗin ma ba sabuwa ba ce a kunnena, na ji ta tun ina yarinya, a bakin wani mutum da bai taɓa shiga aji ba.

A lokacin maƙera tana bakin tsohuwar ganuwa, a gindin wata tsamiya, kuma duk yarinyar da aka aika kai gyaran fartanya sai ta daɗe, don a can ake hira. Ina son ƙarar wurin. Zuga-zugi yana huci, masaba tana sauka, ƙarfe ya yi cuu in an tsoma shi a ruwa. Maƙerin dattijo ne mai faɗin ƙirji da jan ido, bakinsa kamar reza, kuma zancensa ɗaya ne kullum. Sai ya nuna ganuwar da ta zube, awaki suna hawa suna sauka, ya ce, "Kun ga wannan? Maza ne suka gina ta, lokacin da ake tsoron mahara. Da tsoro ya ƙare sai ta zube, mu ma muka zube tare da ita. Gari ƙarfe ne, in bai shiga wuta ba tsatsa ce ke cinye shi. Kakana takubba ya ƙera, ni ga ni nan ina ƙera wa mata wuƙar yanka kuɓewa. Tun da Nasara ya hana yaƙi aka daina haihuwar maza a ƙasar nan." Samari su yi ta gyaɗa kai, jininsu yana tafasa. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, in ban da Kano bai taɓa zuwa ko'ina ba, kuma 'ya'yansa duk mata ne.

Babanmu ne kaɗai ke tanka masa. Baba mutum ne mai sanyin magana, zai kawo garmarsa gyara ya tsuguna gefe yana jira, sai maƙeri ya yi ya gaji sannan ya ce, "Malam, ganuwar nan da rani aka gina ta, bayan an cika rumbu. Wanda ya ɗauki ƙasa ya kai samanta da tuwo a cikinsa ya ɗauka, kuma ni ban taɓa jin an shuka dawa da mashi ba." Maƙeri ya ce, "Zancen matsorata ke nan. Wanda ba shi da mashi ai wani ne zai ci dawarsa." Baba ya ce, "Wannan ma gaskiya ce," ya karɓi garmarsa ya tafi. Haka suke yi shekara da shekaru, babu wanda ya kayar da wani, mu yara muna ɗauka wasa ne irin na tsofaffi.

Ni dai abin da na gani yana raya gari a lokacin, gayya ce. In damina ta zauna, dawa ta kai gwiwa, mai gona ya aika wa sarkin samari da goro a sa rana. Mu 'yan mata tun ana gobe muna daka har hannu ya yi kanta, a dama fura a manyan ƙore, a tuƙa tuwo, a kaɗa miyar kuka da daddawa har ƙamshin ya kai bayan gari. Samari su jeru a bakin gona kowa da garmarsa, makaɗi ya rataya gangar noma. Kowane saurayi yana da takensa, wato kiɗan da makaɗi ya yanka masa shi kaɗai, ko daga nesa ka ji ka san wa ake kira. In an buga takenka sai ka ɗaga garma sama ka ce, "Na amsa!" ka faɗa kunyar da aka ba ka kana huɗa, mu kuma mu rangaɗa guɗa. Kuma abin yana da ƙa'ida wadda kowa ya sha a nono. Makaɗi ba ya wuce take sai an amsa shi, don in ya wuce mutum ya fitar da shi daga cikin maza ke nan. In mai taken ba ya nan, ko ciwo ko tafiya, abokinsa ne zai ce, "Na amsa masa," ya yi aikin mutum biyu. Amma in mutum yana wurin, ƙafarsa tana cikin gonar, babu mai amsa masa ko da ciki ɗaya suka fito. Wannan ya fi zagin uwa ciwo, an mai da kai gawa kana tsaye. Yau lebura ake ɗauka, ya yi aikinsa a sallame shi da yamma, ko sunan mai gonar bai sani ba, shi ma ba a san nasa ba.

A duk samarin nan babu kamar Yaya. Ba don yayana ne nake faɗa ba, a tambayi duk tsohuwar da ta rage. Dogo ne baƙi mai wushirya, in ya sunkuya da garma ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen gona, ya juyo ya tarar da na kusa da shi bai kai rabi ba, ya tsaya yana masa dariya. Takensa kuwa ko jariri ya san shi, mu yara muna cewa gangar tana faɗin, ƙasa ta ji ka, ƙasa ta ji ka. Shi ke goya ni in ƙaya ta soke ni a hanyar gona, shi ke kawo min ɗinya a cikin hularsa. Aibinsa ɗaya, ya fi kowa zama a maƙera, har shi ke karɓar zuga-zugi in yaron maƙeri ya gaji.

Sai yaƙi ya ɓarke can kudu, wanda kowa ya sani. Mu ba mu ji ƙarar komai ba, labari kawai ake kawowa ran kasuwa. Wata ranar kasuwa babbar mota ta zo ana neman samari masu ƙarfi. Ranar maƙeri ko aiki bai yi ba, ya fito bakin hanya yana cewa, "To ga wuta ta zo, yau za a san ƙarfe a san gwangwani." Yaya ya shigo gida da yamma yana walƙiya, da wannan murnar da na gaya muku. Inna ta riƙe masa riga tana kuka, tana cewa, "Me suka yi maka? Ka san su? Sun ci maka gona?" Yana dariya yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana cewa kafin a yanke dawa ya dawo. Baba kuwa ya ce, "Ban sa ka ba, ban kuma hana ka ba. Allah ya tsare." Suka tafi, shi da sa'anninsa masu yawa, duk waɗanda suka fi iya noma.

Ba a fasa gayya ba a shekarun nan, amma ta rame. Makaɗi ya buga taken wanda ya tafi, abokinsa ya amsa masa. Da farko aikin mutum biyu ake yi, daga baya sai ka ga saurayi ɗaya ya amsa wa uku, har yamma ba a gama gona ba, fura ta yi tsami a ƙwarya. In labari ya zo cewa wane ya rasu, sai makaɗi ya daina buga takensa, don take tare da mai shi ake binne shi. Saboda haka duk ranar gayya, ko a gonar wa ake yi, Inna takan ajiye taɓarya ta fito bakin danga ta tsaya. Ba ta motsi sai ta ji gangar ta ce ƙasa ta ji ka, sannan ta sauke numfashi ta koma dakanta. A wurinta muddin ana buga taken, ɗanta yana da rai. Akwai matan da suka tsaya a bakin danga haka har aka tashi daga gayya ba su ji nasu ba.

Yaya ya dawo. Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, ko ƙwarzane babu a jikinsa, da akwati da bargo. Gida ya cika, ana ta barka, Inna tana shafa fuskarsa tana hamdala. Mun lura ba ya magana sosai, ba ya zama sai bayansa yana jikin bango, in aka yar da kwano sai ya zabura. Muka ce gajiya ce, wanda ya sha irin wannan tafiya ai sai a hankali. Maƙeri ya zo ya kama damatsansa yana jijjigawa, yana cewa, "Ku zo ku ga ƙarfen da ya fito daga wuta!" Shi ne kuma ya kawo shawarar a yi gayya a gonar Baba, wadda ba a taɓa yin irinta ba, don gari ya ga ɗansa. Kowa ya ce madalla. Babu wanda ya nufe shi da sharri, wannan kam zan iya dafa Alƙur'ani, girmama shi aka so yi da abin da muka sani.

Ranar gari kaf ya fito, har da mutanen ƙauyukan kusa. Hantsi ya ɗaga, samari suka jeru, Yaya yana tsakiyarsu da sabuwar garma da maƙeri ya ƙera masa kyauta. Ina tsaye kusa da Inna da ƙwaryar fura a kaina, ina ganin gumi yana zubo masa tun ba a fara ba. Makaɗi ya fara da taken Yaya, don shi ne mai ranar. Yana bugun farko, maƙeri ya ɗaga bindigar toka da ya ɓoye a cikin riga ya saki harbi sama, don karramawa. Ƙarar ta tashi tsuntsaye daga kan ɗorawa. Da hayaƙi ya washe sai muka nemi Yaya a tsaye muka rasa. Yana kwance rubda ciki a cikin kwarin kunya, ya tura fuskarsa cikin ƙasa, ya rufe kansa da hannu biyu, jikinsa yana karkarwa kamar mazari. Wandonsa ya jiƙe. Mutumin da ƙasa take ji, a gaban 'yan mata, a gaban yarinyar da aka sa masa rana da ita.

To ga inda abin ya fi muni. Makaɗi ya riga ya fara take, kuma ba a amsa ba, ba shi da ikon wucewa. Dattijo ne mai mutunci, a ganinsa in ya tsaya ko ya wuce ya kashe yaron a idon duniya, sai ya ƙara ƙarfin bugu, ko Yaya zai ji takensa ya tuna ko shi wane ne ya tashi. Duk bugu ɗaya sai Yaya ya ƙara nutsa kansa cikin ƙasa, yana wani irin nishi da ban taɓa ji a bakin mutum ba. Abokansa suna tsaye da garma a hannu, hawaye yana zubo wa wasu, amma babu mai iya cewa na amsa masa, don yana wurin, ga shi nan kwance a gabansu. Kowa yana kare masa mutunci, kuma kowa yana kallo ana yanka shi da ganga. Baba ya ɗaga ƙafa ya mayar, shi ma ƙa'idar ta ɗaure shi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san har yau in na rufe ido ina jin gangar.

Sai na ji ƙwarya ta fashe kusa da ni. Inna ce ta saki tata, fura ta malale a ƙasa. Mace ba ta shiga sahun gayya, ba ta amsa take, ba a taɓa ji ba tun kaka da kakanni. Ta ratsa maza ta shiga gonar, ta tsallake ɗanta, ta ɗauki sabuwar garmar nan da ƙyar ta ɗaga ta sama, ta dubi makaɗi ta ce, "Na amsa masa! Na amsa, ka yi wa Allah ka bari!" Gangar ta yi shiru. Baba ya cire rigarsa ya rufa wa Yaya, suka ɗaga shi su biyu suka nufi gida. Inna kuwa ba ta bi su ba sai da ta huɗe kunyar nan har ƙarshe, tana faɗuwa tana tashi, babu wanda ya iya ce mata ta kawo. Na ga maƙeri ya zauna a kan tushen itace da bindigarsa a cinya, yana cewa, "Wannan ba shi ba ne, an musanya mana shi." Ban ƙara jin ya yi zancen ganuwa ba har ya koma ga Allah, amma me ya amfana?

Daga ranar Yaya bai ƙara taka gona ba. Iyayen yarinyar suka dawo da kayan da aka kai, ba mu ga laifinsu ba. An yi rubutu, an yi turare, an kai shi asibiti a birni, jiya i yau. Gayya ma ba ta ƙara yin armashi ba, makaɗi ya ce hannunsa ba ya son gangar, ya rataye ta har gara ta ci fatar. Bayan wasu shekaru sai ga manyan motoci suna haƙa ƙasa, aka ja kanal, ruwa ya zo da rani, aka sake yanka gonaki aka ba kowa rabonsa. Ƙasa ta yi kore shekara zagaye, kuɗi ya shigo, aka yi rufin kwano, baƙi suka zo daga ko'ina. Duk wannan gaskiya ne, da idona na gani. Na kuma ga wanda ya fi kowa iya riƙe garma a ƙasar nan yana ƙuryar ɗaki ya toshe kunnuwansa da tsumma lokacin da motocin suke wucewa. Gonar da jikana yake nomawa rabon Yaya ce, bai taɓa ganin ta ba. Da iyayenmu suka rasu, mijina ma ya rasu, na dawo gidan na ci gaba da kai masa tuwo, yau ga mu mun tsufa tare.

Duk wannan na kwashe na gaya wa jikana a gindin tukunyar, har wuta ta mutu ban sani ba. Shi tun tasowarsa ya san Baba Tsoho na ɗakin baya a matsayin mai taɓin hankali, wanda ake rufe wa ƙofa ranar salla saboda yara masu fasa abin ƙara. Ya ɗauka haka aka haife shi. Na ce, "Kai da ka ce yaƙi ne ya kawo kanal, ubanka ma bayan yaƙi aka haife shi, ko shi ma yaƙin ne ya haife shi? Rayayyu ne suka haƙa kanal ɗin nan, waɗanda suka rage. Da a ce duk samarin nan suna nan, ka san abin da za su yi da wannan ruwan?" Maƙwabciyata da ke taya ni shanya tana jin mu. Kirista ce, daga can ƙasar duwatsu suka zo ita da mijinta, bayan an ƙona garinsu a wani rikici. Ba ta cika sa baki a zancen gida ba, amma ranar ta ɗago ta ce masa, "Ɗana, mu an yi a wajenmu. Ka je ka ga ko garin ya gyaru. Ciyawa ce a inda ɗakina yake."

Ya sunkuyar da kai, na ga abin ya taɓa shi, har na fara sa rai. Can ya ɗago ya ce, "Iya, Allah ya ba Baba Tsoho lafiya. Amma ba kowa ke dawowa haka ba. Kuma da su ba su je ba, wa ya san abin da zai samu ƙasar? In kowa ya zauna yana tsoro, wata rana har nan za a zo a same ku." Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na ji abin da ya fito shi ne, "Wannan ma gaskiya ce." Maganar Baba ce ta dawo bakina, kuma sai a ranar na gane da wane irin ciwo yake faɗinta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, haka ake cewa. Ba a dai gaya mana yadda babban zai yi ya sauko da yaron ba.

Aka kira jikan nawa aikin soja. Da safiyar ranar da zai tafi, na ce ya shiga ya yi wa kakansa sallama. Na bi bayansa na tsaya a bakin ƙofa. Yaya yana zaune inda yake zama kullum, bayansa a jikin bango, ya rame har wushiryar nan ce kawai ta rage da zan gane shi da ita. Sai ya yi wata bai haɗa kalma uku ba. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba Tsoho, zan tafi aikin soja, a sa min albarka." Na ɗauka bai ji ba. Sai na ga ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun yaron, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba, ya dube shi ido cikin ido ya ce, "In ka ji ƙara, ka kwanta. Kar ka duba wa ke kallonka." Ya sake shi ya mai da kansa bango. Yaron ya fito bai yi min wasan saki da aure ba, ya ɗauki jakarsa, babur ya kai shi bakin titi.

Makon da ya wuce aka yashe kanal. Duk shekara kafin a sako ruwan rani, masu gonakin layinmu sukan taru su kwashe ciyawa da laka, shugaban manoma ya tsaya a kan gada yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda bai fito ba kuma bai aiko ba a hana gonarsa ruwa. Tsohuwa ba ta kulle, na yafa mayafina na ɗauki fartanya na tafi. Mutumin ya yi ta kira ana amsawa har ya zo kan sunan jikana. Ya kira, shiru. Ya sake kira. Abokansa suna nan tsaye, waɗanda suke cin tuwona tun suna yara, kowa yana duba wayarsa. Ba mugunta ba ce, ba su san ana yi ba, ba wanda ya koya musu. Na ga mutumin zai wuce zuwa suna na gaba, sai na ɗaga fartanyar na ce, "Na amsa masa."

Aka juyo ana dariya, wani ya ce, "Haba Iya, ke da wane ƙarfin? Koma gida, za mu yi miki." Na ce su yi nasu, na tattare zane na shiga lakar, na yi abin da zan iya, ba yawa. Da aka tashi na tare shugaban manoman a bakin gada. Ya ɗauka zancen ruwa zan yi masa, ya ce kada in damu, ba za a hana gonar soja ruwa ba, daga yau ma ba sai an kira sunan ba. Na ce masa a'a, ba wannan na zo roƙo ba. Ko na fito ko ban fito ba, ko da mai amsawa ko babu, ya yi wa Allah ya riƙa kiran sunan da ƙarfi, yadda zan ji daga bakin danga.